Neman shawara: ƙungiyarmu za ta tsayar da farashi ɗaya, wa zan tambaya ko doka ta yarda?

Mai Man Gyada: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina da ɗan injin matse man gyada a nan Gombe, a Tudun Hatsi nake saro gyadar. Da a jarka nake ba 'yan sari, yanzu kuma ina so in fara ɗurawa a roba mai lita ɗaya da tambarina, in shigar kantuna. Rajistar suna ta CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kaɗai gare ni. Ana cikin haka sai ƙungiyarmu ta ce za a zauna a tsayar da farashi ɗaya, duk wanda ya sayar ƙasa da shi a ci shi tara. Wani yaro ɗan jami'a ya ce min wannan laifi ne a doka. Ina so in ji daga bakin hukuma, amma tsorona kada in je tambaya ya zama na kai ƙarar kaina da 'yan uwana. Wace hukuma ce ma ake zuwa, kuma yaya ake tambayarsu?

Ɗan Kasuwar Kumo: Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai shawarata ka yi shiru da bakinka. Tun muna yara ƙungiyoyi ke yanka farashi, daga masu nama har masu burodi. Ka je ofis da ƙafarka, gobe su san hanyar injinka.

Barista: Alhaji, yaron nan gaskiya ya faɗa maka. Tambayoyi biyu ka haɗa wuri guda, kuma ba ofis ɗaya ke amsa su ba.

Maganar farashi ta FCCPC ce, hukumar tarayya mai kula da gasa tsakanin 'yan kasuwa da kare haƙƙin mai saye. Dokarta ta 2018 ce, Shugaba Buhari ya sa mata hannu a farkon 2019, hukumar ta maye gurbin tsohuwar hukumar kare masu saye, CPC. Sashe na 59 ya hana masu sana'a iri ɗaya ƙulla yarjejeniyar da za ta daƙile gasa, kuma haɗa baki a kan farashi na cikin abubuwan da aka ambata ƙarara. Sashe na 107 ma a kan tsayar da farashi yake. Kamfanin da aka kama za a iya cin sa tarar da ta kai kashi 10 cikin 100 na cinikinsa na shekarar da ta gabata. Ka lura, na ciniki aka ce, ba na riba ba. Abin da ya fi muni a shirin naku shi ne tarar nan da za a ɗora wa wanda ya sauƙaƙa wa mutane, domin ita ce shaidar cewa tilas ne, ba hira ba ce kawai a majalisa.

Tsoron da kake ji kuwa, ai zaman bai yiwu ba tukuna. Wanda ya tambaya kafin ya aikata ba shi da laifin da za a riƙe shi da shi. Saboda haka yanzu ne lokacin tambaya, ba bayan an sa hannu a takarda ba. Ka rubuta wasiƙa, ka faɗi sana'arku, ka faɗi abin da ake shirin yi daki-daki har da tarar, sannan ka yi tambaya ɗaya ƙwaƙƙwara: shin wannan ya dace da doka, in bai dace ba wane irin haɗin kai ya halatta mana? Kada ka ɓoye ɓangaren da ba shi da daɗin ji. Amsar da aka ba ka a kan rabin labari ba za ta kare ka ba ranar da aka gano sauran rabin. Suna da ofishin shiyyar Arewa maso Gabas a Bauchi, hedikwata kuma tana Abuja.

Mai Man Gyada: Na gode Barista, Allah ya saka. To amma gaskiya ba mugunta ce ta sa ƙungiya wannan tunani ba. Akwai masu surka man da wani mai arha su karya farashi, mai gaskiya ya rasa mai saye.

Barista: Na fahimta, kuma wannan ma ka sa a wasiƙar, domin shi ne ainihin ciwon. Surki laifi ne mai zaman kansa, ƙararsa ake kaiwa, ba a magance shi da wani laifin. Ƙungiya za ta iya amincewa a kan inganci, ta ce duk ɗan ƙungiya man gyada zalla zai sayar. Sannan sashe na 60 ya ba hukumar ikon amincewa da wasu yarjejeniyoyi idan suna inganta samar da kaya kuma mai saye zai amfana, amma ita za ta amince, ba ku za ku yanke wa kanku ba.

Hajiya Mai Yaji: Ƙanina, bari in tsoma baki a ɓangaren robar, don nan ne na sani. Duk abincin da aka ƙunshe aka liƙa wa tambari, NAFDAC ke da shi, rajistar CAC ba ta wadatar ba. Ana cike takardu a shafinsu na NAPAMS, su zo su duba wurin aikinka, su ɗauki samfur su kai ɗakin gwaji, in ya wuce a ba ka lamba, wadda ake sabuntawa bayan shekara 5. Kafin ka kashe ko sisi a buga tambari, ka kai musu zanen su gani. Dole ya nuna suna da adireshin mai kaya, yawan abin da ke ciki, ranar da aka yi, ranar lalacewa da lambar rukuni. Ga wanda mutane da yawa ba su sani ba: man girki na cikin kayan da aka wajabta sa musu sinadarin bitamin A tun 2002, shi ya sa kake ganin alamar ido a jikin robobin manyan kamfanoni. Ka tambaye su yadda mai ƙaramin inji zai cika wannan. Gyada kuma a kula da busar da ita, wadda ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afulatoksin, gwaji kuma yana nuna ta.

Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne amsar baka. Akwai wani ofis da na taɓa zuwa, jami'in ya ce min "Hajiya ba komai, ci gaba kawai." Da wata tawaga ta zo dubawa suka ce ina takarda, shi kuwa an riga an yi masa canjin wurin aiki. Tun daga nan wasiƙa biyu nake kaiwa, a buga min hatimin karɓa da kwanan wata a ɗaya in dawo da ita gida.

Ɗan Kasuwar Kumo: Hajiya duk wannan dogon zance ne. Akwai ejan da ke fito da lamba ba tare da kowa ya taka injinka ba.

Hajiya Mai Yaji: Malam, lambar da ta fito ba a ga wuri ba, ba a gwada kaya ba, ka tambayi kanka ta wace ce. Sau da yawa lambar wani kayan ce aka kwafo, kuma a shafin hukumar ana iya duba ta a ga sunan mai ita. Ranar da asiri ya tonu ejan ba ya nan, sunan Alhaji ne a jikin roba.

Tsohon Ma'aikaci: Ɗana, na yi aikin gwamnati har na yi ritaya, ga abin da zan ƙara. Wasiƙa ga ofis ake rubuta ta, wato ga shugaban ofishin, ba ga sunan wani jami'i da ka sani ba, don ta shiga fayil. Kuɗin hukumar tarayya ta Remita, manhajar biyan kuɗi zuwa asusun gwamnati, ake biya a ba ka rasit, duk wanda ya ba ka lambar asusunsa na kansa ka tashi ka bar wurin. In an yi shiru, ka sake rubutawa ka ambaci kwanan watan ta farko. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukumomi kwana 7 su amsa, sai dai ita takardun da suke da su take fito maka da su, kamar ƙa'idoji da jadawalin kuɗi, ba ta tilasta su ba ka shawara a kan shirinka. Kuma ka sani amsar hukuma ba hukuncin kotu ba ce, amma tana nuna kai mai neman bin doka ne. Litar da za ka rubuta a roba ma ta cika lita, akwai sashen awo da sikeli na ma'aikatar ciniki ta tarayya, ga kuma hukumar SON mai kula da ingancin kaya.

Ni a ganina kada ka rubuta kai kaɗai a ɓoye, in an ji za a ce ka ci amanar 'yan uwa. Ka samu shugaban ƙungiya a gida, ku biyu, ka nuna masa cewa sa hannunsa ne zai fara bayyana a takardar tarar. Wasiƙar ta fita da sunan ƙungiya.

Mai Man Gyada: Baba wannan ita ce. Shugaban namu dattijo ne mai jin magana, bayan Juma'a zan same shi in roƙi a ɗage zaman har amsa ta zo. Barista, in mun tsara wasiƙar zan turo ka duba mana. Hajiya, ƙuli-ƙulin da nake son sawa a leda fa, lamba ɗaya za ta ɗauke su da man?

Hajiya Mai Yaji: A'a ƙanina, kowane kaya da rajistarsa. Ka fara gamawa da man tukuna.