Membrane da Hausa: tantani ne, amma ba a ko'ina ba

1/ Jama'a, masu koyar da kimiyya da masu fassara labaran lafiya sun daɗe suna kai-kawo kan kalmar membrane. Wani ya ce fata, wani ya ce ɓawo, har da mai cewa leda. Ni dai a ganina ba ma buƙatar ƙirƙirar sabuwar kalma. Muna da tantani.

2/ Kalmar ta Turanci daga Latin ta fito, membrana, wato siririyar fatar da ke lulluɓe gaɓa. Ita kuma daga membrum, gaɓar jiki. Romawa sun kuma kira fatar da ake kankarewa a yi rubutu a kai da wannan suna. To ku dubi namu: fatar da aka kankare ta yi shara-shara, irin wadda ake ɗaure bakin kalangu da ita, ai tantani ce. Mahauci ma ya san ta, yana ɗaye ta daga jikin nama da bakin wuƙa.

3/ Saboda haka: tantanin ƙwaƙwalwa, mai hawa 3, wanda idan ya kumbura ake cewa sanƙarau. Tantanin huhu. Tantanin ƙwayar halitta (cell), wanda kaurinsa bai wuce nanomita 10 ba (nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita ɗaya), shi ke tantance abin da zai shiga da wanda zai fita.

4/ Nan ne nake da ƙorafi. Wasu na fassara ita ƙwayar kanta da "tantanin halitta". Haba! To marufinta kuma me za mu kira shi, tantanin tantani? A bar ƙwaya a matsayin ƙwaya.

5/ Amma kada mu cusa tantani inda Hausa ta riga ta raɗa suna. Ungozoma ba za ta ce tantani ya yage ba, cewa za ta yi faya ta fashe. Na kunne kuwa kowa dodon kunne ya sani.

6/ Abin da ke toshe maƙogwaron yaro mai mashaƙo, irin cutar da ta addabi Kano a 2023, na fi son a ce masa "yana", domin ba halittar wurin ba ce, ciwo ne ya shimfiɗa ta, kamar yanar ido.

7/ Saura na injin tace ruwan leda. Ina tsakanin kalmar "matata", wato abin da ake tace ruwa da shi, da "tantanin tacewa". Masu wannan sana'a, me kuke ce masa a wurin aiki?