Jan Kati a Bakin Layi: Musayar Baitoci

Mai Usur:
Salamu alaikum. Ranar Asabar na busa wasan 'yan ƙasa da shekara 15, na kori koci. Babban amsa-amo "li" ne, mai amsawa ya riƙe shi.

Da sunan Allah zan fara,
In koka kan wasan yara,
Koci ya zo yana ƙara,
Yana ta zagin alƙali.

Yaronsa ya yi satar gida,
Mai tuta ya ɗaga, na shaida,
Sai koci ya taso da faɗa,
Ya tsallako cikin fili.

Na fara yi masa lallashi,
Katin gargaɗi na ba shi,
Ya ambaci uwata, na ji shi,
Gaban yara da iyali.

Na zaro ja daga aljihu,
Ya bar benci yana ihu,
Ya hau katanga har duhu,
Yana ta nuna mugun hali.

Ɗan Benci:
Ba ni aka kora ba, amma ni ma koci ne, ba zan yi shiru ba.

Yaya, ka taɓo mu 'yan benci,
Ka san wahalar zama koci?
Kuɗin mota, ruwa, abinci,
Daga aljihuna ne asali.

Wata da watanni atisaye,
Ba ko sisi daga iyaye,
Sai wani ya zo da usur a rataye,
Ya kashe mu babu dalili.

Ƙato da gemu ya aske shi,
Ɗan sha huɗu aka rubuta shi,
Kun gan shi sarai kun ƙyale shi,
Sai mu ake wa jan kwali.

Mai Usur:
Ƙanena, gemu ba nawa ba,
Tantance shekaru ba aikina ba,
Kwamiti ne, ba mai usur ba,
Kai musu ƙara ta wakili.

Kuɗin ruwan da ka lissafa,
Ni ma a ranar nake zufa,
Minti saba'in a kan ƙafa,
Ladana zagin jahili.

Ɗan Benci:
Jahili kuma, Yaya? To karɓi.

Usur ɗinka ya san masu gida,
In sun yi ƙeta ba ya shaida,
In an ci su, sai satar gida,
Haka ne aikin adali?

Maman Gola:
Ku dakata ku biyun. Ɗana shekararsa 13, shi ke tsaron raga a ƙungiyar unguwarmu, ni ke wanke masa safa da riga. Ku ji abin da ke iso mana gida.

Ɗana ya shigo gida da yamma,
Da ƙanwarsa suka ɗan yi fama,
Ashar ya ɗura mata, har na tsuma,
Na ce a ina ka koyo wannan?

Ya ce koci ke yin irinta,
Duk ran da alƙali ya cuta,
Na kai shi ƙwallo don ya huta,
Ba don a ɓata min tarbiyya ba.

Na Bayan Raga:
Allah ya saka da alheri, Hajiya! Baiti biyu sun fi duk abin da mazan nan suka zuba tun safe. Ɗan Benci, sai ka nemi wurin zama.

Malam Arulli:
Ma'ana ta yi kyau, amma an ce "li", Hajiya ta rufe da "wannan" da "ba". Ɗangonta na ƙarshe gaɓa 10 ne, alhali baitin buɗewa 8 ne.

Hajiya, saƙonki ya isa,
Amma kari ya yi nisa,
Amsa-amo kin bar shi ƙasa,
Waƙa tana da makulli.

Na Bayan Raga:
Malam, tun yaushe ake auna kari da ƙirgen yatsa? Nauyin gaɓa ake dubawa, mai nauyi da marar nauyi. Kuma Ɗan Benci ya ja "Sai wani ya zo da usur a rataye" har numfashi ya ƙare, ba ka tanka ba. Sai kan Hajiya idonka ya buɗe?

Malam Arulli:
Na gan shi, layi nake bi. Ɗauko ma'aunin Halilu na karin waƙar Larabci ko ka ɗauko na kunne, rera ɗangon nan ka ji inda zai tuntsure. Ba ni da ɓangare.

Na Bayan Raga:
Kana da shi. Abokinka ne.

Maman Gola:
Malam, kana auna baitina,
Ni ina auna bakin ɗana,
In "li" ce ta hana ka kwana,
Ga ta: koci ya gyara hali.

Tsohon Mai Tuta:
Sai yanzu na samu zama, na tarar kun bar koci kun koma kan gaɓa. Tun 2019 dokar ƙwallo ta ba alƙali damar ɗaga wa koci kati, yalo ko ja, kamar ɗan wasa. Mutum ɗaya ke da izinin miƙewa ya ba da umarni a lokaci guda, kuma ana barin tazarar mita 1 tsakanin wurin tsayuwarsa da layi. In aka yi ashar daga benci ba a gane mai yi ba, babban koci ke ɗaukar katin. Shiga fili don tunkarar alƙali kuwa kora ce kai tsaye. Saboda haka da kai nake, ɗana:

Mai Usur, kai ma da saura,
Wanda ya keto fili da ƙara,
Doka ba ta ce ka yi jira,
Ja ne take, ba yalon kwali.

Mai Usur:
Baba, filinmu ba tsaro,
Layin ma toka ce, ga taro,
Mai riƙe min tuta ɗan yaro,
Dole in busa da hankali.

Ɗan Benci:
Baba, manyan ma suna yi. Mourinho fa? Wa ya kira shi jahili?

Tsohon Mai Tuta:
Gara da ka kawo shi. A 2023, bayan Sevilla ta doke Roma da bugun fenareti a wasan ƙarshe na gasar Europa a Budapest, Mourinho, kocin Roma a lokacin, ya tare alƙalin wasan Anthony Taylor a wurin ajiye motoci ya zazzage shi. Hukumar ƙwallon Turai UEFA ta dakatar da Mourinho wasa 4. Washegari magoya baya suka yi wa Taylor da iyalinsa caa a filin jirgi. Wanda ya fi tsaya min a rai na Holan ne, Disamban 2012, a garin Almere. Richard Nieuwenhuizen ya riƙe tuta a matsayin sa kai a wasan da ɗansa ke bugawa. Bayan tashi 'yan wasan ɗaya ɓangaren, matasa 'yan 15 da 16, suka rufe shi da duka da shuri. Washegari ya rasu.

Babba ya zagi mai usur,
Yaro na kallo ƙur da ƙur,
Gobe ya ɗauko dutse tur,
Ka ce ba kai ne dalili?

Malam Arulli:
Baba, da girmanka, "dutse tur" ciko ne kawai don amo ya zauna.

Ɗan Milan:
A bar Mourinho ya huta don Allah. Ya ɗauki kofin zakarun Turai da Porto a 2004, ya maimaita da Inter a 2010. Wa ke da irin wannan a nan?

Ku bar gwani, ku bar gwani,
Kofi biyu ba na wasa ba ne,
Ku je ku tambayi masani.

Na Bayan Raga:
Ana maganar ran mutum kana lissafin kofi. Ga baitin ma ƙafa uku. Malam Arulli, ga aiki ya same ka.

Maman Gola:
Baba, labarin Holan ya hana ni cin abinci. Ranar Asabar da kaina zan je filin, in tsaya bayan bencin. In ya buɗe baki da ashar, a gaban kowa zan kama hannun ɗana mu tafi, ko ana tsakiyar wasa. Su nemi wani golan.

Mai Usur:
Hajiya, ki zo da sauran iyaye. Ga kuma abin da ban faɗa ba tun farko. Yaron da ya riƙe min tuta shekararsa 17, bana ya fara koyo. Jiya ya zo har gida.

Ya miƙo tuta a naɗe,
Idanunsa duk sun kaɗe,
Ya ce zagin ya yi yawa, ya daɗe,
Ba zai sake taka fili.

Mun rasa wanda muke reno,
Wa zai busa wa 'yan bana da na gobe, ku gano,
Ɗan Benci, amsa nake nemo,
Kai da ka iya kawo misali.

Malam Arulli:
Ɗango na biyu ya yi tsawon biyu, kuma "nemo" ba ta zauna da "reno" ba.

Ɗan Benci:
Malam, bari mu gama tukuna. Yaya, maganar gemu tana nan, ban janye ba, kuma takardata na gaban kwamiti. Amma ba ni da wasa ranar Asabar.

Ajiye min tutar, zan riƙe,
In bi layin tokar a miƙe,
In na ɗaga ka ƙi, zan bincike,
In ga wane ne adali.

Ka turo min lokaci da sunan filin. Yaron kuma ka ce masa ya zo ya tsaya kusa da ni, ina da magana da shi.