Taronmu ba ya ƙarewa, kuma ba ma yanke komai: ina neman shawara

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An zaɓe ni shugabar ƙungiyar ɗaliban sashenmu, kuma taronmu ya zama abin da kowa ke gudu. Za mu zauna kan bikin karɓar sababbin ɗalibai, wannan ya ce a yi a babban ɗakin taro, kafin ya rufe baki wancan ya tsoma maganar kuɗin shiga, wata kuma ta tono bashin bara. Mutum biyu ko uku ke cinye lokacin, sauran suna danna waya. Washegari kowa da abin da zai ce an yanke. Yanzu ma'ajinmu ya ƙi sakin kuɗi, ya ce bai ga inda aka amince ba. Don Allah yaya ake jan ragamar taro a tsare?

Tsohon kakakin majalisar ɗalibai:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kada ki ga laifin ma'ajin, yana da gaskiya. Ciwonku ɗaya ne: kuna muhawara alhali babu ƙuduri a gabanku. Daga yau, duk mai son a yi wani abu ya ɗaga hannu, ki ba shi dama, ya ce: "Ina gabatar da ƙudurin a yi bikin ranar Asabar a babban ɗakin taro." Sai wani ya mara masa baya. Mara baya ba yana nufin ya yarda ba ne, yana nufin dai maganar ta cancanci a tattauna. In ba wanda ya mara, an wuce wurin. In an samu, ki maimaita ƙudurin kalma da kalma kowa ya ji, sannan a buɗe muhawara, wanda ya kawo shi ya fara.

Nan aikinki yake. Wanda ya ɗauko bashin bara, ki ce masa cikin ladabi ba shi ke gabanmu ba, ya riƙe shi sai an gama. Ba wanda zai yi magana sau biyu matuƙar akwai mai so da bai yi ko sau ɗaya ba. Wannan kaɗai zai yi maganin mutum ukun nan naki. In wani ya ce a mayar da Asabar ta zama Lahadi, gyaran fuska ke nan: a mara masa, a kaɗa ƙuri'a kan gyaran tukuna, sannan a dawo kan ƙudurin. A ƙarshe ki tambayi masu goyon baya, ki tambayi masu adawa ko da kin ga kowa ya yarda, ki sanar da sakamako da bakinki.

Wata sakatariya:
Ƙari kan abin da Yaya ya faɗa: ajanda ta isa ga mambobi kafin ranar taro. A buɗe, a karanta bayanan zaman baya a amince da su, a ji rahoton ma'aji da na kwamitoci, sai abin da ya rage daga baya, sannan sababbin batutuwa. Kuma ki faɗa wa sakatarenku abin da aka yi ake rubutawa, ba abin da aka ce ba. Ƙuduri kaza, wane ya kawo, ya wuce ko ya faɗi. Ni hannuna ya huta tun da na daina bin bakin kowa da biro. Wannan takardar ita ma'aji zai gani ya saki kuɗi.

Ɗan ajin ƙarshe:
Ranki ya daɗe shugaba, buɗe kundin tsarin mulkinku ki duba mutum nawa ake buƙata kafin zama ya halatta. In adadin bai cika ba, kada ki bari a yanke komai. Ku jira, ku kira waɗanda ba su zo ba, ko ku sa wata rana. Rinjaye kuwa fiye da rabin ƙuri'un da aka kaɗa ne. In 20 suka zo, 8 suka ce e, 5 suka ce a'a, 7 suka yi rowar ƙuri'a, ya wuce, sai fa in kundinku ya ce wani abu daban. Amma rufe muhawara ana cikin yi sai da kashi biyu cikin uku, saboda hana mutane magana ne.

Wani mamba:
Ni fa ina ganin a bi a hankali. Henry Robert, hafsan sojan Amurka da ya fitar da littafin waɗannan ƙa'idoji a 1876, manyan taruka ya fi dubawa. Ko a bugun littafin na yanzu an sassauta wa ƙaramin zama na mutum kamar 12: ba sai an mara baya ba, shugaba ma na iya sa baki. In ku 'yan zartarwa ne kawai, kada ki mayar da kanki kakakin majalisa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai. Babban taron muna haura 40. To Yaya, ni ba ni da bakin faɗin ra'ayina ke nan? In kuma aka yi kunnen doki fa?

Tsohon kakakin majalisar ɗalibai:
A taron 40, ki kame bakinki. In abin ya ci ranki har sai kin yi magana, miƙa wa mataimakinki kujera, kuma kada ki karɓa sai an gama da wannan ƙudurin. Kunnen doki na nufin ƙuduri ya faɗi, sai dai in ba ki kaɗa taki ba, kina iya kaɗawa ki raba gardama. In ƙuri'ar sirri ce, kina jefa taki tare da kowa, ba ki da ta biyu. Kuma ki sani duk hukuncin da kika yanke kan ƙa'ida, mamba na iya ƙalubalantarsa, wani ya mara masa, taro ya raba ku da ƙuri'a. Ki sanar da su wannan da kanki tun a zaman farko.