Wane suna za mu ba robar nan da ke kashe danjar birki?

Salamu alaikum jama'a, musamman makanikai da masu wayarin mota. Akwai wata 'yar roba a jikin fedar birki da har yau ba mu tsayar mata da suna ba, wani ya ce sitofa, wani ya ce robar nan ta ƙasan sitiyari, kuma wallahi rashin sunan nan yana jawo wa mutane asara.

Ga yadda abin yake faruwa. Ka kashe mota ka zare makulli amma danjar baya tana nan jajir ta ƙi mutuwa, saboda a yawancin motoci fitilar birki ba ruwanta da makulli, kai tsaye take shan wuta daga batir ta fis ɗinta. Ƙwan birki irin na da wat 21 ne, biyu 42 kenan, a batir mai bolt 12 wajen amfiya 3 da rabi suke ja, ban da ta ukun da ke wajen gilashin baya. In suka kwana a kunne sau da yawa da safe mota ba za ta tashi ba, ga zafin ƙwan yana iya narkar da gidan fitilar, sannan a kan titi wanda yake bin ka a baya ba shi da yadda zai san ka taka birki tunda jan bai taɓa ɗaukewa ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi damu na.

To in ka durƙusa ka haska tocila saman fedar birki za ka ga suwic ɗin. Shi wannan ba sai mun wahala ba, makunni muke da shi, makunnin danja ya wadatar. Yana da ɗan harshe da ke shiga yana fita. Aikinsa irin na fitilar firij ne, ƙofa ta danne shi wuta ta mutu, a buɗe ta kama. In ƙafarka ba ta kan birki ƙarfen fedar yana danne harshen, in ka taka sai ya sake shi danja ta kama. Amma ba ƙarfen ne yake taɓa harshen ba, akwai ɗan rami a jikin ƙarfen da aka cusa wa roba ko filastik, faɗinta bai fi maɓallin riga ba, ita take dannewa. Da shekaru suka ja sai ta bushe ta farfashe, harshen ya zarce cikin ramin babu abin da ya tare shi. Alamar ita ce ka ga ɓurɓushin filastik a kan tabarmar ƙasa wajen ƙafar direba. An san tsofaffin Honda da Toyota da wannan matsalar sosai.

Sunayen da na ji ana kawowa, akwai matoshi, tunda rami take toshewa. Ban gamsu ba, don toshe ramin ba shi ne aikinta ba, zamanta kawai a ramin yake, kuma in ka ce matoshi hankalin mutum wajen man birki da ke yoyo zai tafi. Akwai maɓalli, shi kuma mutane da yawa suwic suke nufi da shi, sai a sayo maka makunni sabo alhali naka lafiyarsa ƙalau. Matashi ma an ce, amma ba laushi ake nema a wurin ba.

Ni matokari na zaɓa. Tokare harshen makunni take yi, da ta faɗi ba abin da ya tokare shi, duk wanda ya ji sunan ya riga ya fahimci ciwon. A cike matokarin makunnin danja, a gajarce matokari kawai. Masu cewa sitofa ba laifi su ci gaba, amma wanda bai taɓa leƙa ƙasan sitiyari ba sitofa ba ta gaya masa komai.

Gwajin ma ba wuya, sa yatsa ka danne harshen wani ya duba maka baya. In danja ta mutu makunni lafiya, matokari ne ya faɗi ko sifirin ɗin da ke dawo da feda ya saki. In ba ta mutu ba sai a duba makunnin kansa, ko waya ta haɗe, ko an sa ƙwan da ba nasa ba a baya. In dare ya yi maka kana iya zare fis ɗin birki ko kan batir na nagetif don kar wuta ta ƙare, amma don Allah kar ka hau titi da fis a zare, ka mayar kafin ka tayar da mota.