Neman taimako: ina zan samu littattafai kan cuɗanyar ƙabilu a Sabon Garin Kano?

Assalamu alaikum, malamaina da 'yan'uwa. Ina ajin ƙarshe a jami'a, kundin binciken da nake rubutawa kuma a kan zaman cuɗanyar ƙabilu ne a Sabon Garin Kano, tun daga kafa unguwar a 1913.

Mako uku ke nan ina sintiri a laburarenmu. Na zauna gaban kwamfutar laluben littattafai har idona ya yi ja, amma duk abin da take fito min da shi na Kanada ne da Amurka. Tsarin zaman cuɗanyar ƙabilu da al'adu da gwamnatin Kanada ta shimfiɗa a 1971 yana da amfani, sai dai ba zai gaya min yadda Bayarabe da Inyamuri da Banufe suka zauna layi ɗaya ba. Muƙalun intanet da suka dace kuwa, shafin farko kawai suke nunawa, sauran sai an biya da dala.

Don Allah, wanda ya taɓa aiki a Gidan Arewa ko ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, wace takarda ɗalibi ke kaiwa kafin a ba shi fayilolin lardin Kano? Akwai tsofaffin kwafin Gaskiya Ta Fi Kwabo a can? Kuma da waɗanne kalmomi kuke lalubo irin wannan batu? Saura wata guda in miƙa babi na biyu.