Casserole ɗin ƙwai da sosej, tsakiya ya ƙi dahuwa

Salam jama'a, don Allah masu girki ku taimaka min. Casserole ɗin nan na karin kumallo irin na 'yan Amurka nake son in iya. Sosej na naman sa nake soyawa tukun, in kaɗa ƙwai 8 da madara kofi 2 in juye kan yankakken biredi da cuku, in sa a oven a zafin digiri 180 har minti 45, amma gefe sai ya ƙone, tsakiya kuwa tsamo-tsamo, in na caka wuƙa ruwa ke biyo ta. Madarar ce ta yi yawa, ko albasa da tattasai ne ke sakin ruwa tunda ɗanye nake zubawa? Ko in rufe da foil? Oven ɗina na gas ne, wutar ƙasa kawai gare shi.