Mai sauri ko mai faɗi: wanne Auta zai ɗauko?

Auta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Kuɗin monita sun haɗu, amma na guda ɗaya ne. Jiya a Titin Beirut na ga biyu da farashinsu bai yi nisa da juna ba: sabo inci 24 mai 144Hz, wato yana sauya hoto sau 144 a sakan ɗaya, da na hannu inci 34 mai faɗi, ɗigo 3440 a 1440, amma 60Hz. Mai shagon ya ce a garin nan sayen 144Hz almubazzaranci ne, tunda intanet ɗinmu ba ya sauri. Gaskiya ya faɗa?

Mai Editin: Wa alaikumus salam. Auta, gaskiya ya faɗa maka, ga lissafin. Allo mai 60Hz yana sauya hoto duk bayan milisakan 16.7, mai 144Hz kuma duk bayan 6.9. Ribarka kenan ba ta cika milisakan goma ba. Ni idan na shiga gem a sabar Turai, jinkirin layina ba ya sauka ƙasa da ɗari da ashirin. Wanda ya makara da ɗari da ashirin, me goma za ta tsinana masa? Ɗauki mai faɗin, za ka gode mini.

Kyaftin: Yaya, da girmanka, amma ka haɗa jinkiri biyu da ba hanyarsu ɗaya ba. Na layi shi ne lokacin da saƙonka ke ɗauka ya je saba ya dawo. Na allo kuwa tsakanin hannunka ne da idonka, ko an cire intanet yana nan. In ka juya kallo a cikin gem, kwamfutarka ce ke zana juyin a take, ba sai ta jira Turai ba. Ranar da na fara zama gaban 144Hz ko gem ban buɗe ba, linzamin kwamfuta kawai na ja. A tsohon allona kibiyar tsalle take yi kamar fara, ina iya ƙirga inuwarta. A sabon sai ta tafi sumul. Bayan mako guda na koma kan na ofis, na ɗauka ya lalace ne.

Mai Editin: Daɗin ido ne wannan, ba shi ke cin wasa ba.

Kyaftin: To me ya sa masu buga gasar Counter-Strike ba sa zama gaban mai faɗi? Inci 24 ko 25 suke amfani da shi, da yawansu har ƙara matse hoton suke yi zuwa 4:3, don komai ya zauna a gaban ido ba sai sun waiwaya ba.

Injiniya: Ku dakata, kuna ta cinikin sirdi ba ku tambayi doki ba. Auta, wane katin hoto ne a cikin kwamfutarka, kuma me kake yi da ita?

Auta: GTX 1650 ne, Malam. Da rana ina haɗa bidiyon biki, da dare in buga Valorant. Ƙarshen mako kuma yayana yana kawo PS5 ɗinsa mu buga ƙwallo.

Injiniya: Yawwa, yanzu aka zo wurin. Allon inci 24 ɗin, 1920 a 1080, ɗigo miliyan biyu ne da 'yan kai. Na 3440 a 1440 ya kusa miliyan biyar. Wato duk hoto ɗaya, katinka zai yi aiki ninki biyu da kusan rabi. GTX 1650 ƙaramin kati ne, wat 75 yake ci, shi ya sa ma yake zaman lafiya da inbata. Valorant ba shi da nauyi, a 1080 katin zai iya ciyar da 144Hz. Amma ka ɗora masa manyan gem a kan ɗigo miliyan biyar, ko 60 ɗin ba zai riƙe ba sai ka sauke ingancin hoto ƙasa sosai. In ka ce za ka canza kati, RTX 3060 wat 170 yake sha, sai ka koma ka duba batirinka da fanel ɗinka na sola.

Anti Mai Lissafi: Ni ban san gem ba, amma ku ji ta bakin mai aiki. Shekara biyu ina kan inci 34. Excel a hagu, takardar da nake kwafa a dama, babu rufe wannan a buɗe wancan. Lissafin wata goma sha biyu ina ganinsa a jere ba tare da na ja gefe ba. Yaron nan ya ce da bidiyon biki yake samun na kashewa. Abin da ke kawo kuɗi ake fara yi wa hidima, ba abin da ke cinye dare ba.

Mai Editin: Allah ya saka da alheri, Anti. Auta, ka san yadda layin editin ke cushewa a ƙaramin allo: kamu, ɗaurin aure da dina duk a matse, kana ja kana saki. A mai faɗi za ka shimfiɗa su ka ga inda sautin maroƙi ya hau kan na ango. Kuma fim da aka ɗauka da faɗin silima, 2.39 a 1, cika allon yake yi ba baƙin layi sama da ƙasa. Euro Truck Simulator 2 kuwa, madubin gefe biyu kana ganinsu kamar kana cikin tirela.

Kyaftin: Ba Euro Truck ya ce yana bugawa ba, Yaya. PS5 ba ta fitar da hoton 21:9 na mai faɗin allo, a 16:9 na allon da aka saba take tsayawa. Ko dai a sami baƙin shinge hagu da dama, ko allon ya ja hoton 'yan wasa su koma gajeru masu ƙiba. Valorant ma ba ya ƙara wa mai faɗin allo filin gani, da gangan aka yi haka don kada wani ya fi wani. Abubuwa biyun da Auta ke bugawa, babu wanda zai taɓa faɗin da zai biya kuɗinsa.

Injiniya: Kyaftin, kai ma kada ka wuce gona da iri. Gem ɗin Elden Ring da ya fito a 2022 yana sa wa mai faɗi baƙin shinge, amma kuma a hoto 60 a sakan aka ɗaure shi, mai 144Hz ma bai ci komai ba. Kuma yawancin wasannin PS5 a 60 suke tafiya, duk da na'urar tana iya kaiwa 120.

Mai Editin: Na yarda da maganar PS5, wannan ban sani ba. Na kuma janye cewa layi ne ke kashe amfanin 144Hz. Amma ban janye zaɓina ba. Awa shida yake editin, awa biyu yake gem.

Kyaftin: Awa shidan yana yin su yanzu a kan abin da yake da shi, ba wanda ya dawo masa da aiki. Awa biyun ne ke ba shi wahala.

Anti Mai Lissafi: Auta, auna teburinka tukuna. Nawa faɗinsa ya kai santimita tamanin, sai da na kira kafinta. Tsayinsa kuma daidai yake da na inci 27, kada ka zaci girman ta ko'ina ne.

Auta: Na gode Malam, na gode Anti da yayyena. Teburin santimita casa'in ne, zai ɗauka. Gobe bayan azahar zan ɗauki kwamfutar a Adaidaita in kai shagon, in buɗe aikin bikin da ke hannuna a kan mai faɗin, in buga Valorant a kan ɗayan.

Injiniya: Tafi da wayar DisplayPort in katinka yana da ramin. Kuma ka shiga saitin Windows ka zaɓi 144 da hannunka, don sau da yawa a 60 yake farawa. Na hannun kuma ka buɗe masa farin shafi da baƙi, ka duba mataccen ɗigo kafin ka miƙa kuɗi.